Kukan Sabo: Sa'ad da Karen Jagora da Ka Yi Renonsa Ya Mutu

Karatun Littafi Mai Tsarki: 2 Sama'ila 12:1-6, 1 Sama'ila 1:24-28, Romawa 8:18-25
Ayar haddacewa: Karin Magana 12:10
Manufar darasi: Mu koyi yadda mai bi zai kai baƙin cikin rasa dabbar da ya yi renonta a gaban Allah, ba tare da kunya ba, ba tare da wuce abin da Maganar Allah ta koyar ba.

Gabatarwa

Akwai baƙin cikin da jama'a suke taruwa a kansa. A shimfiɗa tabarmi, mata su kawo abinci, 'yan kwaya su raira waƙoƙi har dare, fasto ya yi wa'azin ta'aziyya. Akwai kuma baƙin cikin da mai shi yake haɗiyewa shi kaɗai, domin ya san idan ya buɗe baki dariya za a yi masa. Darasinmu na yau a kan irin na biyun ne.

A ƙasarmu sunan kare zagi ne. Idan mutum ya ce yana kuka saboda karensa ya mutu, wasu za su ce abinci ne ya yi masa yawa. Amma Hausawa da kansu sun ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Akwai kuma wani irin kare da sabonsa ya wuce na gadin gida, wato karen da ake horarwa ya zama idon makaho. Za mu dubi labarinsa da na mutanen da suke renonsa, sa'an nan mu ji abin da Ubangiji yake faɗa wa zuciyar da ta yi irin wannan rashi.

1. Mene ne karen jagora?

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji da yawa sun koma gida ba idanu. A shekarar 1916 aka buɗe makaranta a garin Oldenburg na ƙasar Jamus domin horar da karnuka su yi musu jagora. A 1927 wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Eustis, wadda take kiwon karnuka a ƙasar Suwizalan, ta rubuta abin da ta gani a Jamus a cikin wata mujallar Amurka. Aka karanta wa wani saurayi makaho, Morris Frank, mutumin Nashville, wannan rubutu. Ya aika mata wasiƙa yana roƙon ta horar masa da kare, ya kuma yi alkawarin zai taimaki sauran makafi su sami irin wannan 'yanci. A 1928 ya tafi Suwizalan, ya dawo da karya wadda ya raɗa wa suna Buddy. Da isowarsa birnin New York, ya ƙetare wani babban titi mai cike da motoci a gaban 'yan jarida, Buddy tana masa jagora. A 1929 shi da Dorothy Eustis suka kafa makarantar da ake kira The Seeing Eye, wadda har yau tana aiki a jihar New Jersey. A Ingila an fara horar da karnuka huɗu na farko a 1931, a Afirka ta Kudu kuwa an kafa ƙungiyar karnukan jagora a 1953.

Aikin wannan kare ba wasa ba ne. Ana ɗaura masa ɗamara mai mariƙi, makahon ya riƙe. Karen yana tsayawa a bakin titi da bakin matakala, yana kauce wa rami da turken lantarki, yana lura har da reshen itacen da zai bugi kan ubangidansa ko da shi kansa zai iya wucewa ta ƙarƙashi. Abin da ya fi ban mamaki, ana koya masa ya ƙi bin umarni idan umarnin zai jawo hatsari. Makaho ya ce a tafi, mota kuwa tana tahowa, sai karen ya kafe. Mai karatun Littafi zai tuna da jakar Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura 22, wadda ta ƙi ci gaba har sau uku domin ta ga abin da mai hawanta bai gani ba, ta haka ransa ya tsira.

A ranar 11 ga Satumba 2001, lokacin da aka kai hari a kan tagwayen benaye na New York, wani makaho mai suna Michael Hingson yana aiki a hawa na 78. Karyarsa Roselle ce ta bi da shi ta matakala har ƙasa, cikin warin man jirgi da firgicin jama'a, suka fita kafin benen ya rushe. Roselle ta mutu a 2011. Buddy kuwa ta yi wa Morris Frank aiki shekara goma, ta mutu a 1938. Duk karnukan da ya riƙe bayanta, sunan Buddy ya ci gaba da sa musu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana zurfin sabon.

2. Mai reno yana rabuwa sau biyu

Kafin kare ya kai ga makaho, akwai wani gida da ba a cika ambatonsa ba. Makarantun nan ba sa horar da ɗan kwikwiyo tun yana jariri. Idan ya kai kamar mako bakwai ko takwas, sukan miƙa shi ga wani iyali da suka ba da kansu kyauta. Su ne za su tashi da dare su fitar da shi, su share ƙazantarsa, su kai shi wurin likitan dabbobi. Su ne za su koya masa zama da kwanciya, su shiga da shi kasuwa da mota da taron jama'a har ya daina tsoron hayaniya. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, daidai lokacin da ya zama ɗan gida, sai makaranta ta aiko a dawo da shi. Daga nan ƙwararru su yi 'yan watanni suna horar da shi, a haɗa shi da makahon da zai yi wa aiki.

Wannan ce rabuwa ta fari. Mai reno ya san da ita tun ranar da ya karɓi ɗan kwikwiyon, amma sani bai hana zafi ba. Karen yakan yi aiki kamar shekara bakwai ko takwas kafin tsufa ya sa a hutar da shi. Wani lokaci makahon yakan ci gaba da riƙe shi, wani lokaci kuma a mayar da shi gidan da ya tashi, ya ƙarasa kwanakinsa a can. Sai rabuwa ta biyu ta zo, wadda ba dawowa. Wani mai renon a hannunsa karen zai mutu. Wani kuwa saƙo kawai zai samu cewa ɗan kwikwiyon nan da ya taɓa ɗauka a tafin hannu ya tafi.

Irin wannan aiki bai yaɗu a ƙasarmu ba. A nan ɗan jagora yawanci yaro ne riƙe da bakin sanda. Amma muna da 'yan'uwa da suke zaune a ƙasashen waje suna wannan reno, muna da jami'an tsaro da suke aiki da karnukan da aka horar, muna da manoma da makiyaya da mafarauta waɗanda kare ya taɓa tsare musu gida ko garke ko rai. Duk wanda ya ciyar da dabba da hannunsa tun tana ƙarama har ta yi masa aiki da aminci, darasin nan nasa ne.

3. Allah ya san irin wannan ƙauna

Bari mu dubi karatunmu na fari. Sa'ad da Allah ya aiki annabi Natan ya tsauta wa sarki Dawuda a kan zunubinsa game da Uriya da Batsheba, da wane labari ya aike shi? Labarin wani matalauci ne mai 'yar tunkiya guda ɗaya tak. Ya saye ta, ya yi renonta tare da 'ya'yansa. Abincinsu ɗaya, abin shansu ɗaya, a jikinsa take barci, ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa. Wani attajiri ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Da Dawuda ya ji, sai ya husata ƙwarai, ya yanke hukunci a biya riɓi huɗu.

Ainihin saƙon wannan misali shi ne tuba, kada mu manta da haka. Amma ku lura da abin da Ruhu Mai Tsarki ya zaɓa domin ya huda zuciyar sarki. Da ƙaunar mutum ga dabbarsa abin dariya ce a gaban Allah, da misalin bai yi aiki ba. Dawuda makiyayi ne tun yana yaro, ya san abin da ake ji, shi ya sa labarin ya kama shi.

Maganar Allah cike take da wannan kulawa. Bayan ruwan tsufana, alkawarin da Allah ya yi da Nuhu ya haɗa har da tsuntsaye da dabbobi (Farawa 9:9-10). Hutun Asabar ya shafi sa da jaki (Fitowa 23:12). An hana sa wa takarkari takunkumi lokacin da yake sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4). Da Allah yake bayyana wa Yunusa dalilin da ya sa ya ji tausayin Nineba, ya ambaci mutane fiye da 120,000, ya kuma ambaci dabbobin birnin (Yunusa 4:11). Ubangijinmu Yesu ya ɗauki tsuntsun da ya fi kowane araha a kasuwa, ya ce ko ɗaya Allah bai manta da shi ba (Luka 12:6). Ayarmu ta haddacewa kuma ta sa kula da ran dabba a cikin alamun adali.

Wani zai ce, ai Littafi yana ambaton kare da ƙyama. Gaskiya ne, a wurare da dama kare misali ne na ƙazanta ko mugunta, kamar a Filibiyawa 3:2 da Wahayin Yahaya 22:15. A waɗannan ayoyi mutane masu mugun hali ake nufi. Littafin nan kuma ya san karnukan da suke tsaron garke (Ayuba 30:1), ya san waɗanda suke ƙarƙashin teburin yara a cikin gida (Markus 7:28). A misalin attajiri da Li'azaru, karnuka ne suka matso kusa da miskinin da mai gida ya ƙi kallo (Luka 16:21). Wanda ya halicci zaki shi ne ya halicci kare, kuma da ya dubi dukan abin da ya yi, ya ga yana da kyau.

4. Abin da ka yi renonsa amana ne

Karatunmu na biyu ya nuna mana Hannatu. Ta roƙi ɗa da hawaye, Allah ya ba ta Sama'ila. Ta shayar da shi tana sane cewa ba zai zauna tare da ita ba. Da ta yaye shi, ta ɗauke shi da kanta ta kai shi Shilo wurin Eli, ta bar shi domin aikin Ubangiji. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa (1 Sama'ila 2:19). Wannan riga tana gaya mana cewa bayarwa ba ta kashe ƙauna.

Ba muna daidaita ɗan mutum da kare ba ne, Allah ya sawwaƙe. Darasin da muke ɗauka shi ne na riƙon amana. Zabura 50:10-11 ta koya mana cewa dabbobin jeji da na tuddai da tsuntsaye duka mallakar Allah ne. Mai renon karen jagora ya fi yawancinmu gane wannan, domin tun ranar farko an gaya masa karen ba nasa ba ne. Ya ba shi lokacinsa da barcinsa da zuciyarsa saboda wani baƙo da watakila ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Ayuba ya lissafa zama ido ga makaho a cikin ayyukan adalcinsa (Ayuba 29:15). Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan ka yi wannan reno, kai ma ka zama ido ga makaho ta hanyar dabbar da ka tarbiyyantar. Kowane titi da makahon nan ya ƙetare lafiya, kowace safiya da ya isa wurin aiki ko sujada ba tare da ya roƙi kowa ba, akwai hannunka a ciki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Karen ya mutu, amma shekarun 'yancin da ya ba wani ba wanda zai iya ƙwace su.

5. Za mu sake ganinsu?

Wannan ce tambayar da yara suke yi da baki, manya kuma suke yi a zuci. Dole mu amsa ta da gaskiya. Littafi Mai Tsarki ya ce mutum kaɗai aka halitta cikin siffar Allah (Farawa 1:26-27). Domin mutane masu zunubi Yesu ya zub da jininsa, kuma ga masu ba da gaskiya gare shi aka yi alkawarin tashi daga matattu. Ba ayar da ta yi alkawarin cewa wannan kare ko waccan tunkiya za su tashi a ranar ƙarshe. Mai wa'azin da ya rantse maka da haka ya ƙara a kan abin da aka rubuta.

Duk da haka karatunmu na uku ya buɗe mana wata taga. Manzo Bulus ya ce dukan halitta an sa ta ƙarƙashin ruɓewa ba da sonta ba, tana nishi irin na mai naƙuda, tana jiran ranar da za a 'yantar da ita tare da 'ya'yan Allah. Ke nan mutuwar dabbarka tana cikin wannan nishi, kuma Allah yana jinsa. Annabi Ishaya ya hango mulkin Almasihu da kyarkeci da ɗan rago da zaki da maraƙi suna zaune lafiya (Ishaya 11:6-9). Ya kuma hango ranar da idanun makafi za su buɗe (Ishaya 35:5). A ranar nan ba za a ƙara bukatar sanda ko ɗan jagora ko kare mai ɗamara ba. Haleluya! Wahayin Yahaya 21:4-5 ya tabbatar mana cewa Allah zai share hawaye duka, ya sabunta kome. Abin da ya bayyana mu riƙe shi, abin da ya ɓoye mu bar masa (Maimaitawar Shari'a 29:29). Mun san halin Ubanmu. Ba wanda zai shiga sabuwar duniya ya ce an rage masa wani abu.

6. Tarkuna uku da za a guje wa

Na ɗaya, kunya. Shaiɗan yana son baƙin cikin da aka ɓoye, domin a cikin duhu yake zama ɗaci. Mai Hadishi 3:4 ya ce kuka yana da nasa lokaci. Ubangijinmu kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin abokinsa, alhali ya san zai tashe shi. Kada ka ce bangaskiya ta hana ka kuka. Shiga ɗaki, ka gaya wa Uba daidai abin da yake ranka, ka ba Mai Taimako, Ruhu Mai Tsarki, wuri ya yi aikinsa.

Na biyu, zargin kai. Mutane da yawa sukan ce, da na kai shi asibiti da wuri, da na lura da ya daina cin abinci. Wasu kuma likitan dabbobi ne ya ba su shawarar a yi wa karen allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarsa, suka yarda, yanzu zuciya tana tuhumarsu. Ka tuna cewa irin waɗannan manyan karnuka shekarunsu kan tsaya wajen 10 zuwa 13. Ba kai ka sa wannan iyaka ba. Hana dabbar da ba ta da sauran magani shan azaba yana cikin kula da ranta. Idan kuwa da gaske akwai sakaci, 1 Yahaya 1:9 tana nan: ka furta, ka karɓi gafara, ka tashi.

Na uku, mayar da halitta a matsayin Mahalicci. Yesu ya ce mutum ya fi tunkiya daraja nesa (Matiyu 12:12). Idan makoki ya sa ka daina zuwa sujada, ka juya wa iyalinka baya, ko ka fara neman masu cewa za su haɗa ka da ruhun abin da ya mutu, ka tsaya. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta wannan hanya. Idan makonni sun wuce ba ka iya barci ko cin abinci ko aiki, ka nemi fastonka, ka kuma ga likita. Wannan hikima ce.

7. Aikin ikilisiya

Romawa 12:15 ta umarce mu mu shiga kukan masu kuka, ba ta ce mu fara auna ko dalilinsu ya isa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka ce wa ɗan'uwa, ai kare ne kawai, ko kuwa, sayi wani mana. Ka tambaye shi sunan karen, ka bar shi ya ba ka labari, ka yi addu'a tare da shi. Idan yaro ne, a gaya masa gaskiya cewa dabbar ta mutu, a bar shi ya taimaka wajen binne ta a rami mai zurfi nesa da rijiya, a gode wa Allah tare.

A tuna kuma da makahon. Shi ya rasa aboki, ya kuma rasa hanyar fita daga gida a rana ɗaya. 2 Korantiyawa 1:4 ta ce ta'aziyyar da muka karɓa, domin mu miƙa wa wasu ce. Allah ya la'anci mai ɓad da makaho a hanya (Maimaitawar Shari'a 27:18), ya hana a sa masa abin tuntuɓe (Littafin Firistoci 19:14). Tun 1953 masu bishara suka buɗe makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato, domin sun gane wannan kira. Mu fa? Akwai makafi a unguwarmu da suka daina zuwa sujada domin ba mai kawo su. Akwai yaran da ba sa zuwa makaranta domin su ne jagoran kakanninsu. Idan dabba marar magana ta iya ba da dukan shekarun ƙarfinta ga wannan aiki, ikilisiyar da ta cika da Ruhu ba ta da hujjar naɗe hannu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa misalin Natan ya taɓa zuciyar Dawuda haka?
2. Wace amana Allah ya sa a hannunka wadda wata rana za ka saki?
3. Yaya za ka amsa wa yaron da ya tambaye ka ko karensa yana sama?
4. Wane makaho ko mai rauni ne ƙungiyarku za ta fara kai wa ziyara a wannan mako?

Abubuwan addu'a

A gode wa Allah domin halittun da ya ba mu su taimake mu. A roƙi ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki ga duk mai makokin da yake jin kunyar faɗa. A tsauta wa ruhun zargin kai da na baƙin ciki marar bege cikin sunan Yesu. A roƙi Ubangiji ya ta da masu hidima ga makafi a cikinmu.

Addu'a

Ya Uba Mahalicci, kai ne mai kowane rai. Na gode maka domin amanar da ka sa a hannuna da kuma aikin da ta yi. Ka ga hawayena, ba na ɓoye maka su. Ka wanke zuciyata daga zargi da ɗaci, ka cika ni da Ruhunka, ka mai da wannan kewa ta zama jinƙai ga masu bukatar jagora. Ka riƙe ni da bege har ranar da za ka sabunta kome. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.